Ranar da Na Je Ƙwato Abrena a Umbadda

Ba zan taɓa mantawa ba, kuma ko na so in manta, mutanen wani layi a Umbadda ba za su bar ni ba. Abin ya faru ne 'yan shekaru kafin yaƙin nan ya watsa mu, lokacin muna zaune a unguwar Sahafa, ni da Inna da ƙanwata Nafisa.

Bari in fara gaya muku ko wace ce ni, don kada ku ɗauka taɓin hankali gare ni. Ni mace ce ta gida. Aji huɗu na yi a makaranta na dawo taya Inna aikin kisra, wato siririyar wainar dawa, kuma ban taɓa jin na yi asara ba. In kuka neme ni, ko ina gaban murhu, ko ina gindin lemun tsamin tsakar gidanmu ina soya gahawa ina zuba wa maƙwabta labari. Surutu kam, Inna ta ce kafin haƙori ya fito mini na fara. Amma abin da nake taƙama da shi kunne ne. Daga takun mutum a bakin ƙofa nakan gane ko da labari ya zo ko da buƙata. In maƙwabciya ta ce mini "lafiya lau", ina jin wace irin lafiya ce, ko ta gaske ko ta wadda suka kwana ba sa magana da maigida.

To, a nan Sudan akwai wata al'ada da mu Hausawan garin muka runguma kamar daga Kano kakanninmu suka taho da ita. Ana ce mata moyat Ramadan, wato ruwan azumi. In an yi wa yarinya baiko kuma azumi ya shigo kafin aure, gidansu ne ke haɗa kayan shan ruwa a kai gidan saurayi: zoɓo, tsamiya, kuka, dabino, kofuna, faranti, da jak, manyan nan masu mariƙi da ake zuba abin sha. Amma uban tafiyar shi ne abre. Dawa ce ake jiƙawa har ta tsiro, a shanya, a niƙa, a dama da citta da kirfa da zoɓo da sauran kayan ƙamshi, a bar ta ta yi tsami, sannan a zauna gaban tanda mai zafi ana shafa ta siririya kamar takarda, ana naɗewa. Ranar sha sai a jiƙa, a tace, a sa sukari. Duk wadda ta taɓa yinsa ta san hayaƙin yana shiga har cikin ƙashi. Da wannan abren ne dangin miji ke auna hannun yarinya tun ba ta shigo gidansu ba.

Na taɓa yinsa sau ɗaya, saboda wani mai suna Abdalla. Kusan shekara muna da baiko. Na yi kwana huɗu a gaban tanda har girata ta babbake, aka ɗauki kaya aka kai gidansu da guɗa. Suka sha kwana talatin cur. Ranar uku ga Sallah kawunsa ya zo, ya zauna a kan tabarmarmu, ya sha shayi, ya ce yaron ya ce babu rabo. Babu dalili, babu laifi, babu komai. Ko kofi ɗaya ba su dawo da shi ba (ba kofunan ne suka dame ni ba, amma dai na lura).

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, ni mai kunne, ban ji tafiyarsa ba. Shekara guda na yi ina maimaita muryar Abdalla a kaina, ina neman ranar da ta canza. Daga ƙarshe na gano, ko dai na ƙirƙiro, Allah ne masani. Na ce tun tsakiyar azumin nan gaisuwarsa ta fara gajarta. Da yakan ce "kin wuni lafiya, ya Inna, ya zafi, kin ci abinci?" Sai ta koma "kin wuni lafiya" kawai. Daga nan na yanke hukunci biyu. Na farko a kaina: ni irin matan nan ce da ake gajiya da su, surutuna ya yi yawa, fuskata ba ta tsayar da kowa. Na biyu a kan mutane: kowa a kan hanyar fita yake, bambancin kawai wani ya sa takalmi, wani yana nemansa.

Ban san yadda wannan tunani ya bi ni ko'ina ba sai daga baya. In ƙawata ta yi kwana biyu ba ta leƙo ba, sai in fara tattara kwanukanta da ke gidanmu. Mai kawo mana madara ya yi latti wata safiya, kafin ya iso na riga na yi magana da wani.

Nafisa ce ta yi jami'a a gidanmu, kuma kullum tana karanta abubuwa a waya. Wata rana muna tsince wake ta ce mini wai masana halin ɗan Adam sun ce a soyayya mutane kala-kala ne. Akwai mai manne wa mutum saboda tsoron a bar shi. Akwai mai ja da baya da zarar an matso kusa da shi. Akwai kuma wanda hankalinsa a kwance yake, in an tafi ya san za a dawo. Ta ce wani tun yana goye yake ɗauko halin, wani kuma rabuwa ce ke gasa shi har ya koma haka. Maganar ta burge ni ƙwarai. Na ajiye tiren waken na yi ta tambayarta: to mai mannewa zai iya komawa mai gudu? In mai gudu ya auri mai gudu, wa zai bi wani? Nafisa ta ce ita ma ba ta kai nan a karatun ba. Amma da ta kalle ni ta ce a ganinta ni ta farkon ce, sai na ce mata ta ji da wakenta. Na ɗauki ilimin na bar wanda ya shafe ni. Daga ranar, duk namijin da ya wuce ta ƙofar gidanmu sai in ce wa Inna wannan mai gudu ne, daga tarinsa na ji.

Ana nan, injin da ke jawo mana ruwa zuwa tanki ya lalace, aka kira wani mai gyara daga Umbadda, Usman. Dogo, shiru-shiru, jikan mahajjata ne kamar mu, Hausarsa irin ta tsofaffi. Ya duƙa yana duba waya yana cewa ƙila wuta ce. Ni kuma ina daga bayan labule na ce ba wuta ba ce, tun ranar Talata wani abu ke karta a ciki, kamar ana jan cokali a gindin tukunya. Ya kwance injin, ya ciro wani ɗan ƙarfe da ya cinye, ya ɗaga shi sama ya tambayi Inna wace ce ta yi magana. Bayan sati biyu ya dawo wai ya zo duba ko injin yana lafiya. Bayan wani satin ya sake dawowa. Injin nan bai taɓa samun kulawa irin ta watan nan ba. Kafin watan Rajab ya ƙare manyansa suka zo, aka yi baiko, aka sa aure bayan Babbar Sallah.

Usman mutumin kirki ne, amma yana da wata ɗabi'a da ta tsaya mini a wuya. Ranar Juma'a kaɗai yake kira, bayan an sauko masallaci. Minti kaɗan, ya gaishe ni, ya gaida Inna, ya ce Allah ya bar zumunci. Ni kuwa da yake rubutu ba ya mini sauri, saƙon murya nake turawa, kuma in na fara sai wayar ta yi zafi. In ba shi labarin kyanwar maƙwabta, da tsadar tumatir, da mafarkin da na yi. Amsa ta dawo: "Kwayyis." Wato da kyau. Kalma ɗaya, wani lokacin biyu in ya yi kyauta.

Da Sha'aban ya shigo, Inna ta ce a jiƙa dawa. Na tuna da Abdalla, amma na tashi na jiƙa. Na yi abren nan da duk abin da na sani da wanda ban sani ba. Na ƙara citta, na bar ƙullun ya kwana ɗaya fiye da yadda aka saba don tsamin ya zauna. Muka sayi jak huɗu na ƙarfe masu sheƙi, na ɗiga wa kowanne jan farce a ƙasan mariƙi, yadda mata ke yi wa kwanukansu alama (kun ga tun lokacin zuciyata ta fara shirin karɓo kaya, ni ce ban sani ba). Goggonnina suka kai, suka dawo suna yabon Hajja Amna, mahaifiyar Usman, wai har turare ta fesa musu.

Na zauna jiran abin da shi zai ce. Da yamma saƙo ya shigo, na murya ne ma. Ya ce: "Ya iso. Allah ya saka da alheri."

Na saurari saƙon nan har na haddace inda ya ja numfashi. Na sa wayar a kunnen dama, na mayar hagu. Na kira Nafisa na ce ta ji yadda ya sauke muryarsa a kan "alheri", kamar mai rufe ƙofa a hankali don kada a farka. Nafisa ta ce ita dai ta ji mutum yana godiya. Na ce ai shi ya sa kunne ba a jami'a ake samunsa ba.

Azumi ya kama. Juma'ar farko ya kira, ya ce abren ya yi daɗi, ya gaida Inna, ya kashe. Ban ji "ya zafi" ba, ban ji "da me kika yi sahur" ba. Na tura masa saƙo uku a jere, na ƙarshen har da tambayar ko na yi masa wani laifi ne. Ya amsa da cewa babu komai. To duk macen da aka taɓa bari ta san "babu komai" ita ce babbar komai. Kwana tara ga azumi na tashi da safe da lissafina a kammale: Usman ya sa takalmi. Zai bari su shanye, a yi Sallah, sannan kawunsa ya zo ya zauna a tabarmarmu. Na ce wallahi ba za a yi mini sau biyu ba. In rabuwa ce, wannan karon ni zan riga, kuma da abrena zan dawo.

Ku lura, amarya ba ta zuwa gidan surukai kafin aure, balle ita kaɗai, balle karɓar kaya. Ni da ko kasuwar Sahafa sai an yi da gaske nake zuwa. Amma na yafa tobena mai ruwan toka, babban mayafin nan na matan Sudan, na ce wa Inna zan je duba wata ƙawata, na ɗauki babban buhu na naɗe a jaka. Shirina mai tsabta ne: in isa bayan la'asar lokacin maza ba sa gida, in gaida Hajja Amna cikin ladabi, in ce mun gode da zumunci, in kwashe abin da ya rage, in dawo kafin a sha ruwa.

Abin da mai zaman gida ba ta sani ba shi ne yadda hanya take a azumi. Motar farko ta kai ni tsakiyar gari, na yi tsayuwar jiran ta Omdurman, inda Umbadda take, har ƙafata ta yi sanyi. Da muka hau gada sai komai ya tsaya cak. Kowa yana son ya ƙetare kafin magariba, direbobi sun fito da kai ta taga suna faɗa da murya irin ta masu ƙishirwa. Ina zaune kusa da wata mata mai kwandon lemo, na ba ta labarin gaba ɗaya tun daga Abdalla. Ta saurara har ƙarshe, ta ce mini in da ita ce ni, da ta sauka ta koma gida. Na ce a raina wannan ba a taɓa barinta ba.

Lokacin da raksha, babur ɗin hayar nan mai ƙafa uku, ta sauke ni a bakin layinsu Usman, rana ta yi ja ta kusa faɗuwa. Kun san yadda ake yi a garin nan da azumi: maza ba sa shan ruwa a cikin gida. Kowane gida ya fito da tirensa, a shimfiɗa tabarmi a kan layi, a zauna tare, a tare duk mai wucewa a ce sai ya zauna. To haka na tarar. Tabarmi a jere tun daga ƙofar masallaci har kusa da gidansu, maza sun kai talatin, tsofaffi da jallabiya fara, matasa, har da direban wata mota da aka tsayar da fasinjojinsa. Kowa ya yi shiru irin na mintin ƙarshe, dabino a hannu, ido a sama.

Ni kuma idona a ƙasa yake. A tsakiyar tabarma, gaban wani dattijo mai farin gemu, ga jak biyu na ƙarfe suna sheƙi, raɓar sanyi tana gangarowa a jikinsu. Na hango ɗigon jan farce a ƙasan mariƙi.

Har yau ina mamakin abin da ya faru a kaina a wannan lokacin, kuma na sha juya shi. Ban ga maza talatin masu azumi ba. Gidan su Abdalla na gani. Na ga kwana huɗuna a gaban tanda za su bi maƙogwaron mutanen da ko sunana ba su sani ba, sannan a aiko mini da "babu rabo". Ƙafata ce ta yanke shawara ba ni ba. Na ratsa ta tsakanin takalman da aka tuttuɓe, na taka gefen tabarma, na duƙa, na ɗauki jak ɗaya a dama ɗaya a hagu, na miƙe.

Sai ladan ya ce Allahu akbar.

Ban san ko kun taɓa ganin mutum talatin sun miƙo kofi a lokaci ɗaya ba, kuma duk wajenku. Wani ya riga ya kai dabino baki ya tsaya da shi a tsakanin haƙora. Ni kuma ina tsaye a tsakiyarsu, mace ɗaya tilo a layin, tobe ya zame daga kaina ba hannun gyarawa, jak biyu cike, abre yana ɗiga a kan ƙafata.

Dattijon nan mai farin gemu (daga baya na san kawun Usman ne, kuma limamin masallacin) ya ɗaga kai ya dube ni cikin natsuwa. Ya tambaye ni da Larabci ko wani abu ne ya faɗa ciki. Ya sake dubana, ya juya harshe zuwa Hausa.

"'Yata, lafiya? Ina za ki da shi?"

Duk jawabin da na shirya a kan gada ya gudu. Abin da ya fito daga bakina shi ne: "Nawa ne, Baba."

Sai fuskarsa ta washe, ya juya ga jama'a ya ce, "Jama'a, ita ce. Ta Sahafa ce."

Wallahi da zagina suka yi da ya fi mini sauƙi. Layin nan gaba ɗaya ya ɗauki "ma sha Allah". Wani ya ce ashe wannan ce mai ƙara citta. Wani daga can ƙarshe ya ce ita ce ke barin ƙullu ya ƙara kwana ɗaya. Wani tsoho mai kurman kunne ya tambaya ko ita ce ta gano ciwon injin daga bayan labule, aka ce masa ita ce, ya ce a matso da ita ya gan ta. Sun san sunana, sun san sunan Inna, sun san kyanwar maƙwabtanmu ta haihu huɗu. Liman ya ce kwana tara ke nan ba su sha abren nan da daɗin rai ba, don Usman ba ya bari a zuba sai ya yi musu bayanin wadda ta yi shi, kullum kamar sabon karatu, har sun roƙe shi ya riƙa bari sai an yi sallah.

Ana cikin haka ƙofar gidan ta buɗe, Usman ya fito ɗauke da tiren asida, tuwon mutanen nan. Ya gan ni. Na gan shi. Ya kalli jak ɗin, ya kalli bakin buhun da ya leƙo daga jakata. Bai ce komai ba, amma wannan karon ko ni ban nemi fassara ba.

Liman ne ya cece ni, ko kuma ya ƙarasa ni, ban tantance ba. Ya miƙo kofinsa ya ce tunda mai abu ta zo da kanta, to su sha daga hannunta. Haka na bi layin nan ina zuba wa maza abre ɗaya bayan ɗaya, kowa yana sa mini albarka, ni kuma ina roƙon ƙasa ta tsage. Na zo ƙwace, na ɓuge da rabo. Sai da jak biyun suka ƙare sannan na ji an kamo hannuna ta baya. Hajja Amna ce, 'yar gajeruwa mai ƙarfin hannu. Ta ja ni cikin gida, ta zaunar da ni a kan gado a tsakar gida, ta ba ni ruwa da dabino, ta tsaya a kaina sai da na sha. Sannan ta zaro buhun daga jakata, ta warware shi, ta duba girmansa, ta ce ai wannan har da kofunan zai ɗauka.

Na fashe da kuka, na gaya mata komai. Ta saurara ba ta katse ni ba, abin da ba kowa ke iyawa ba. Da na gama ta ce to ita ma bari ta ba ni nata. Ta ce Usman da nake gani, da can ya fi ni surutu. Ya taɓa neman wata yarinya, Su'ad, a Soba. Yana kiranta safe da rana da yamma, in ya tashi aiki ya ƙetare gari guda don ya kai mata mangwaro. Rana ɗaya ta aiko da zobensa, ta ce a gaya masa ya cika ta, ba ya barinta ta yi numfashi. Tun daga nan ya ɗauka cewa son da yake yi wa mutane nauyi ne a kansu. Da ya same ni sai ya kafa wa kansa doka: kira ɗaya a sati, amsa gajera, kada ya kore ni.

Ta rage murya ta ce, "Kullum bayan la'asar yana zagayawa bayan ɗakin girki da wayarsa. Ya yi ta magana, ya yi ta magana, har da dariya. In ya gama ya goge, ya ce kwayyis ya tura. Ni ina jin sa ta taga. Rannan ma ya ba ki amsar mafarkin nan naki na raƙumi, amsa mai kyau, ya goge."

Na bar kuka na saki baki. Abin ya fi ƙarfin kunya, ya koma mamaki. Ashe ciwo ɗaya ne ya same mu, ni ya mayar da ni mai kasa kunne a bakin ƙofa, shi ya mayar da shi mai tafiya da sanɗa. Ni ina jin shirunsa ina cewa ya gaji da ni. Shi yana jin dogayen saƙonnina yana cewa kada ya amsa da irinsu ya ɓata abin. Kowannenmu yana ta ƙoƙarin kada a maimaita masa, kuma ƙoƙarin ne ya kusa maimaita mana.

Bayan an idar da sallah Usman ya shigo. Ya tsaya nesa, kusa da randa, Hajja Amna kuma ta zauna a tsakaninmu tana tsince abin da ba ya buƙatar tsinta. Daga can ya tambaya ko fasawa na zo yi.

Na ce, "Na zo in riga ka ne."

Ya ce, "Ni ba inda za ni."

Na ce to me ya sa bai taɓa faɗa ba. Ya ce yana tsoron in ya fara faɗa ba zai iya tsayawa ba. Na ce masa ya dube ni da kyau, ya ga ko na yi kama da wadda magana ke ƙona wa. Hajja Amna ta yi tari, ta ce ita dai a ganinta gidan da za mu zauna maƙwabta sun shiga uku.

Shi da mahaifiyarsa suka rako ni har Sahafa. Inna ta ji labarin a tsaye, ta zauna, ta sake tashi, ta rasa ko ta ba su haƙuri ko ta dake ni, sai ta ɗora shayi. Washegari da hantsi saƙo ya shigo wayata. Minti goma sha ɗaya. Rabinsa bayanin yadda ake kwance injin ruwa ne, amma na saurara har ƙarshe, sau biyu.

An ɗaura auren bayan Babbar Sallah kamar yadda aka sa. Ba zan ce muku mun warke ba. Har yanzu in ya yi shiru da yawa nakan fara kasa kunne, shi ma in na ce ina son in zauna ni kaɗai sai in ga ya fara tafiya a hankali kamar mai jinya a gida. Abin da na koya dai shi ne, ashe baikon nan mu huɗu ne a cikinsa: ni, da shi, da wani mutum da ya bar ni, da wata mata da ta bar shi, kuma waɗancan biyun da ba a gayyata ba su suka fi kowa baki. Yanzu in na ji abu ya taso mini, kafin in nemi mayafi nakan tambayi kaina da wa nake faɗan nan. In kuma shi ne ya shige cikin shirunsa, sai in leƙa fuskarsa in ce, "Malam, da ni kake ko da ta Soba?" Yawanci da ta Soba yake. Sai in ce ya sallame ta, abinci yana hucewa.